Mama Salomi, Wadda Ta Zauna da 'Yata a Ranakun Lahadi

Mai karatu, musamman ke uwa da wannan takarda ta shiga hannunki: idan yabo zalla kika zo nema, irin wanda ake karantawa a share hawaye a tashi a ci shinkafa, ki ajiye ta tun yanzu. Akwai yabo a ciki, domin wadda ta rasu ta cancanci yabo. Amma akwai laifi kuma, mafi yawansa nawa ne, kuma wasu daga cikin masu sauraro suna da rabonsu. Na gargaɗe ki. In kin ci gaba, ki bi ta har ƙarshe, kada ki tsinci rabi ki kai bakin famfo.

Ranar Talata, sha bakwai ga Maris, 2015, wajen ƙarfe tara na safe, Ubangiji ya kira surukata, Mama Salomi, a ɗakinta da ke gidanmu a nan Maiduguri. Shekarunta sun kai saba'in da takwas bisa ƙiyasi, don ba a rubuta ranar haihuwarta ba. Ni ce Rautha, matar ɗanta Dzarma. Shugabannin Zumuntar Mata sun ce in rubuta shafi ɗaya a karanta a taron tunawa da ita. Na zauna sau huɗu, na tashi sau huɗu, shafi ɗaya ya ƙi ɗaukar abin da ke raina. Ni na roƙa a yi taron a tsakar gidanmu maimakon cikin coci, za ku ji dalili.

Mama, shekara ashirin ke nan da aka kai ni gabanki a ƙauyenku kusa da Marama. Ni 'yar Bajju ce daga Zonkwa, na zo Maiduguri wurin yayana bayan na gama sakandare, ina aikin buga takardu. Ban san kalma ɗaya ta Bura, yarenku, ba. Dangin Dzarma sun cika tsakar gida suna magana a kaina, ina ganin bakunansu, na san ba alheri suke faɗa ba. Ke kina zaune a kan turmi kina tsinke yakuwa. Ba ki tambayi sunan ubana ba, ba ki tambayi aikina ba. Kika ce, "Kina addu'a?" Na ce ina yi. Kika ce, "Da wane yare?" Na ce da Hausa a coci, amma in abu ya dame ni sai yarenmu ya fito. Kika yi dariya kika ce, "To, Hyel yana jin wannan ma. Zo ki taya ni tsinka." A ranar na koyi cewa Hyel shi ne sunan Allah a bakinku. Abin kunya, har yau kalmomin Bura da na sani ba su wuce goma ba.

Da na haifi 'yar fari, kika sa mata suna Pindar. Mahaifiyata ta zo daga Zonkwa da nata sunan a baki, na ga rigima tana tahowa. Kika kama hannunta kika ce yarinya ba ta yin nauyi don an ɗora mata suna biyu, a sa duka. Wata guda kuka yi a ɗaki ɗaya, ke da ita, kowace da irin wankan jegon garinsu, kuna musu da Hausar da ba wadda ta iya ta sosai, kuna dariya. Ni ce na sha ruwan zafi kashi biyu.

Kin dawo wurinmu da zama a 2010, bayan rasuwar Baba, maigidanki, lokacin da gwiwoyinki suka fara ƙin aiki. Kin tarar da gida mai doka. Ƙarfe biyar da rabi na asuba kowa yana falo don sujada. Kowane yaro zai kawo ayar haddarsa da Turanci, wanda ya kasa ba shi da karin kumallo sai ya kawo. Ba na jin kunyar wannan. Gari irin namu, a lokaci irin wannan, yaron da ba a ɗaure shi da Maganar Allah ba iska za ta kwashe shi. Ke ma ba ki taɓa rushe mini doka a gaban yara ba. Sai dai na sha lura cewa duk wanda na hana abinci, yana fitowa daga ɗakinki yana lasar baki, ayar kuma ta zauna masa.

Dole in yi bayanin Ya Bintu ga waɗanda ba su san ta ba. Ƙanwar Mama ce, uwarsu ɗaya. Mahaifin Mama ya rasu yana bin addinin gargajiya. Mahaifiyarta ta sake aure, ta auri wani Musulmi ɗan kasuwa, ta musulunta, ta haifi Bintu. Mama ta zauna wurin baffanta, tana da shekara goma sha biyu ta fara bin wasu yara zuwa ajin mishan, daga nan ta karɓi Yesu. Ta sha gaya mini cewa ba wanda ya ja ta, ba wanda ya doke ta, waƙa ta ji ta bi. Bintu kuma ta auri Ba Kashim, Babarbare mai wankin hula a unguwar Umarari, nan cikin gari. Duk Kirsimeti Mama takan sa a kira Ba Kashim ya yanka mana akuya, don ƙanwarta ta iya ci. Duk Babbar Sallah cinyar rago tana zuwa daga Umarari. Haka aka yi ta yi har Ba Kashim ya rasu, har gari ya lalace.

A 2012 na kafa doka: ba wanda zai taka Umarari daga gidan nan. Kun san yadda shekarar ta kasance. Ana fita da safe ba a san ko za a dawo ba. Mun binne 'yan'uwa daga cocinmu, maƙwabtanmu Musulmi ma sun binne nasu. Ina da 'ya budurwa. Na ce ba ziyara, ba aike, a gaisa ta waya. Mama, kin dube ni kin ce, "Na ji." Ba ki ce kin yarda ba, ni ce ban lura da bambancin ba.

Sai aka yanke layukan waya a 2013. 'Ya'yan Ya Bintu maza biyu sun riga sun bar gari, kamar yadda samari da yawa suka yi a lokacin. Ita kaɗai ce a gida da ciwon suga da gyambo a ƙafa. Ban san da wannan ba, ko in ce ban tambaya ba.

Wata Laraba da yamma, Pindar tana ɗibar ruwa, na buɗe jakar makarantarta ina neman almakashina. A ƙarƙashin littattafai na tarar da hijabi ruwan toka, a naɗe da kyau. Na ɗaga shi, ƙamshin turaren wuta ya buge ni, irin na gidajen Barebari. A watannin nan mun ji labarin 'yan mata da aka ruɗa, da waɗanda aka tsorata, da waɗanda aka ɗauke. Na ce shi ke nan, ya iso gidana. Na mayar da shi yadda na same shi. Ban tambayi Pindar ba. Ban gaya wa ubanta ba. Ban shiga ɗakin Mama ba, taku goma daga inda nake tsaye.

Washegari Alhamis, ranar Zumunta. Da aka zo lokacin roƙon addu'a na miƙe, a gaban mata fiye da sittin, na ce a taya ni addu'a, ina ganin 'yata tana hanyar barin bangaskiya, na sami hijabi a jakarta. Kun kewaye ni, kun ɗora mini hannu, kun yi kuka tare da ni. Na koma gida da sanyin zuciya, ina ganin na yi abin da uwa mai tsoron Allah za ta yi. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, 'yan'uwa mata. Abin da aka faɗa a roƙon addu'a ranar Alhamis, kafin Asabar ya gama zaga gidajen 'yan cocinmu duka. Muna ce masa nawaya, muna ɗauka mu kai wa maƙwabciya don ita ma ta yi addu'a, alhali kunnenta muke so mu cika.

Ranar Lahadi muka zo ƙofar coci, inda ake layi ana binciken kowa kafin ya shiga. Mata biyu ne ke duba mata. Ɗayarsu, ba zan faɗi sunanta ba, tana cikinku, ta ga Pindar ta ɗaga murya ta ce, "A'a, Hajiya Pindar! Yau an tuna da mu? Ɗaga hannu, ke sai an duba ki da kyau." Aka yi dariya a layi. Ta shafa ta daga sama har ƙasa, ta sa ta cire takalmi, ta sa ta kwance ɗankwali, ta sake shafawa. Yarinya mai shekara goma sha shida, wadda aka yi wa baftisma a cocin nan, wadda take rera waƙa a ƙungiyar matasa. Ta juyo ta dube ni. Ina bayanta, mutum biyu ne tsakaninmu. Na kau da kai. A raina na ce bari kunya ta yi mata magani. Ta sunkuya ta ɗauki takalmanta a hannu, ta fita daga layi, ta tafi gida a ƙafa. Daga ranar zuwa yau wata ashirin da ɗaya, Pindar ba ta sake shiga coci ba.

Da na dawo, Mama, kina zaune a ƙofar ɗakinki, kan yarinyar yana bisa cinyarki. Ban taɓa jin irin muryar nan a bakinki ba.

"Rautha, zo nan. Zauna. A ƙasa."

Na zauna.

"Ni na aike ta. Ƙanwata tana kwance, ƙafa tana ruɓewa, waya ba ta tafiya. Ke kin ce ba mai zuwa. Ni ƙafata ba ta kai ni bakin titi. To wa zan aika, akuya? Bintu ce ta ba ta mayafin, ta ce ta sa in ta sauka daga keke napep, kada a sa mata ido a unguwa. Kin tambayi yarinyar?"

Na ce doka ce aka karya, kuma da wani abu ya same ta a hanya fa?

Kika ce, "Gaskiyarki. Na ɓoye miki, na sa 'yarki a hanya mai haɗari, na ce mata kada ta faɗa. Wannan nawa ne, na ɗauka. Ki gafarta mini." A gaban ɗanki da jikokinki kika faɗi haka, tsohuwa ga matar ɗanta. Sannan kika ce, "Yanzu ke ɗauki naki."

Na tashi na shiga kicin.

Alhamis ta gaba kika sa aka ɗauko miki keke napep, aka riƙe ki kika hau, kika zo Zumunta. Kika tsaya a kan sandarki kika faɗi komai, da Hausarki mai jan Bura. Kika ce jikarki sati uku tana kai kunu da magani ga marar lafiya, duk wadda ta kai wancan labarin wani gida ta koma ta kai wannan. Mata suka sunkuyar da kai. Shugaba ta juyo ta ce, "Maman Pindar, kina da magana?" Na ce babu. Ina tuna yadda kika dube ni. Ba fushi a ciki, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Me ya hana ni? Na yi ta tambayar kaina kwanakin nan, ina share tsakar gidan da na riga na share. A gidan da na tashi uwa ba ta ba ɗa haƙuri. In ta yi kuskure sai ta ƙara masa nama a miya, shi ke nan, an gama. Na ƙara wa Pindar nama. Na ɗinka mata atamfa. Na ga kamar in na durƙusa mata, duk dokokin gidan za su zube, ƙannenta su raina ni. Da abin ya ƙi, na koma ga abin da na iya. Na yi mata wa'azi. Na kawo fasto gida har sau biyu. Na hana ta fita. Da layi ya dawo na ƙwace wayarta. Ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Tana zuwa sujadar asuba, ta zauna a gefe, ta kawo ayarta daidai ba kuskure. In na ce, "Pindar, yi mana addu'a," sai ta dubi tabarma har in gaji in kira wani.

Ke kuma, Mama, sai kika daina zuwa coci. Ke da ba ki taɓa fashi ba, ko lokacin da ake jin harbi kina cewa a kai ki. Sai ranar Jibin Ubangiji kaɗai kike shiryawa. Sauran Lahadi kina gida tare da ita. Na yi miki magana, na ce kina ɗaure mata gindi, kuma mutane suna tambaya. Kika ce, "Coci cike yake da mutane, Rautha. Ɗakin nan mutum ɗaya ne a ciki."

Wata Lahadi aka ji ƙara mai ƙarfi daga wajen kasuwa, aka taƙaita sujada, muka dawo da wuri. Na shigo ba ku ji ni ba. Kuna ɓare gyaɗa a tire ɗaya. Kina faɗin layi da Bura, tana maimaitawa. Na ji sunan Hyel, na gane addu'a ce. Ta yi kuskure, kika buge ta da ɓawon gyaɗa kika ce, "Ke ƙawata, wannan bakin na 'yan Zonkwa ne, kina murɗa wa Allah suna." Ta ce, "Kaka, ke da ba ki da haƙora, ta ina zan ji daidai?" Kuka fashe da dariya, kuka sake daga farko. Na tsaya bayan taga da jakata a hannu. Yarinyar da ta rufe bakinta a sujadata tana addu'a, da yaren da na yi shekara ashirin ban koya ba. Nawa yaren kuma ban taɓa koya mata ba, don na ce Turanci ya isa, shi ne zai kai su gaba. Ya kamata in yi murna. Kishi na ji. Na faɗa a nan don gaskiya ce.

Ban san abin da kuke faɗa wa juna a waɗannan ranakun ba. Na san dai ba ki taɓa ce mata ta koma coci ba, ita ta gaya wa ubanta haka. Kin ba ta labarin baffanki da ya ɓoye miki zane don kada ki je ajin mishan, kika tafi da tsumma. Kin ba ta labarin mahaifiyarki, wadda in kin je mata kwana take idar da sallarta ta ce miki, tashi, an buga ƙararrawarku. Kin koya mata waƙoƙin da kuke yi da tulu a Zumuntar ƙauye. Ni ina da jadawali da bulala, ke kina da tiren gyaɗa, kuma ke ce kika riƙe ta.

Tun daga Kirsimetin da ya wuce jikinki ya fara saki. Duk lokacin da na kawo miki kunu, in ba kowa a ɗakin, sai ki riƙe mini hannu ki ce, "Rautha, kin yi?" In ce zan yi, Mama. Ki ce, "To." Ba ki taɓa ƙara kalma a kai ba. Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin ki tafi, kika sake tambaya. Na ce bari ki ji sauƙi tukuna. Kika saki hannuna.

Da safen Talata ina kicin ina dama koko. Na ji muryar Pindar daga ɗakinki, tana addu'a da Bura, a hankali, ba tsayawa. Na ce bari in bar su su gama. Da muryar ta tsaya na shiga da kofi a hannu. Ta riga ta rufe miki ido.

Ba mu iya kai ki gida ba, Mama, hanyar Damboa ba ta biyuwa. Kin so a kwantar da ke kusa da Baba, ki gafarta mana. Ranar Juma'a aka yi sujadar jana'iza a cocinmu. Matan Zumunta sun sa ankonsu, sun shigo da ke da waƙa. Na yi ta waiwaye ina duba ƙofa. Na ce yau kam dole ta shigo, don ke. Ba ta shigo ba. Awa biyu ta tsaya a waje ƙarƙashin dogon yaro, tana riƙe da Ya Bintu, wadda ta zo daga Umarari tana ɗingishi. Tare suka bi mu maƙabarta, tare suka zuba ƙasa.

Da muka dawo gida Ya Bintu ta aika a kira ni. Shekara uku rabon da in gan ta ido da ido. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce wushe, sannun Barebari, ta yi mini gaisuwar rashi yadda ya kamata. Sannan ta ce, "Rautha, zan gaya miki magana ɗaya, in kin ga dama ki ji haushi. Yarinyar nan sati uku tana wanke mini ƙafa, ƙafar da ni kaina ba na iya kallo. Kullum kafin ta taɓa sai ta rufe ido ta yi irin addu'arku. Na ce mata, ke, da hijabina a kanki kike kiran Yesu? Ta ce, Kaka, ai yana gane ni." Ta gyara zama. "Ni da yayata shekara saba'in, ba ta ja ni ba, ban ja ta ba. 'Yarki ma ban ja ta ba. Ba mu muka fitar da ita daga cocinku ba."

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya na minti goma ba. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye, in na buɗe Littafi sai idona ya tsaya a layi ɗaya. Pindar ta sami gurbin karatun jinya a Jos, za ta tafi bayan Ista. Saura kwanaki kaɗan. Wadda take zama da ita ranar Lahadi ta tafi. In ta bar gidan nan a haka, za ta shiga garin da ba mai tashinta da asuba, ba mai ɓare gyaɗa da ita, kuma abin da za ta tuna game da coci shi ne takalmanta a hannu da uwarta tana kau da kai. Na yi shekara goma sha takwas ina tsoron kada wani daga waje ya raba 'yata da Yesu. Na sa ido a kan titi, a kan makaranta, a kan Umarari. Ban duba kaina ba.

Shi ya sa na ce a yi taron nan a gida. Ba za ta zo coci ta ji ba, amma ƙofar kicin tana kallon inda kuke zaune, kuma na san tana nan.

Pindar, 'yata. A gaban waɗannan mata na yi miki ƙazafi, a gabansu nake janyewa. Ban tambaye ki ba. Na kai sunanki inda bai kamata ba. An wulaƙanta ki a ƙofar gidan Allah ina tsaye, ban buɗe baki ba. Kin yi aikin jinƙai, na mayar miki da shi abin kunya. Na yi zunubi ga Allah, na yi miki laifi. Ki gafarta mini. Ba na cewa ki gafarta don ki koma coci ranar Lahadi. Ina so ki koma, ba zan yi miki ƙarya ba, ina so fiye da komai a duniya. Amma ko kin koma ko ba ki koma ba, wannan nawa ne, na ɗauka. Na makara, wadda ta yi ta jira ta ji ba ta nan.

Ku kuma 'yan'uwa mata, kowace ta duba zuciyarta. Wadda ta yi dariya a layi ta san kanta. Wadda ta kai labarin gida uku ta san kanta. Ba zan nuna kowa da yatsa ba, ni na fara. Amma ku daina fakewa da sunan addu'a kuna tsiraita 'ya'yanku. Yaran nan sun tashi cikin ƙarar bam da shingen sojoji, sun binne abokansu. Ba su da ƙarfin ɗaukar wulaƙanci daga cikin gida kuma.

Mama Salomi, kin yi tsere kin gama. Ubangiji da kika bi tun kina yarinya ya karɓe ki cikin jinƙansa, ya share miki gajiya, ya ba ki hutawa a wurinsa har ranar da za mu sake saduwa. Ga maigidana Dzarma da 'yan'uwansa mata da ba su sami hanyar zuwa ba, Allah ya ta'azantar da ku. Ga Ya Bintu, wadda ta rasa yaya da abokiyar hira, Allah ya ba ki haƙuri, ya dawo miki da 'ya'yanki lafiya, ƙofarmu kuma a buɗe take. Ga dangi na Marama da na Zonkwa, da jikoki duka, Allah ya riƙe ku. Allah ya kawo wa garin nan salama.

Ni mace ce mai doka, ba zan canja a wannan shekarun ba. Sujadar asuba tana nan, ayar hadda tana nan. Amma na ƙara ɗaya, maigida ya amince, kuma ta hau kan sauran duka. Daga yau a gidan nan ba za a kai maganar kowa waje ba, ko wurin fasto, ko wurin Zumunta, ko da sunan roƙon addu'a, sai an zaunar da shi an tambaye shi, an ji daga bakinsa. Wanda kuma ya yi wa wani laifi, yaro ne ko babba, uba ne ko uwa, ba zai buɗe baki ya yi addu'a a falon nan ba sai ya nemi gafara a gaban waɗanda ya yi laifin a gabansu. Gobe da asuba ba ni zan ja sujada ba. Zan zauna a tabarma in yi shiru, har sai 'yata ta ba ni amsa.